Yadda za ka zaɓi bodin babur ɗin ruwa na tsaye don wasan gwaninta

Duk shekara a watan Oktoba, a tafkin Havasu da ke jihar Arizona ta Amurka, minti 2 kacal ake ba kowane ɗan wasa ya nuna abin da ya iya. Ruwan kwance yake, ba igiyar teku ko ɗaya. Mutum zai ja totur da yatsan dama, ya damƙe wata liba da hannun hagu, sai ka ga babur ya tashi da shi sama, sun wuntsila ta baya sun dira, kafin ruwa ya gama zuba daga jikinsa ya sake wata. Gasar duniya ce ta IJSBA, hukumar da ke kula da wasannin babur ɗin ruwa, wadda ake yi a wannan tafki tun 1982.

Yawancin waɗanda suka faɗa wannan harka daga irin wannan kallon suka kamu, kuma daga nan kuskuren farko yake somawa. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi irin bodin da ya gani a ƙarƙashin zakara, ranar da ya sa shi a ruwa ya tarar ko miƙewa tsaye ta gagare shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ruwan da kake da shi da matakin da ƙafarka ta kai, su ne suke zaɓa maka bodi. Sunan kamfani da fenti daga baya suke zuwa.

Maganarmu ba ta shafi babur mai kujera da ake bayarwa haya a bakin teku a Legas ko Dubai ba. Na tsaye ba shi da wurin zama. Yana da hanci a gaba, da murfin inji, da dogon wuya mai hawa da sauka wanda kan tuƙi yake maƙale a ƙarshensa, sai matsaya a baya inda kake dasa ƙafafu. A ƙarƙashin matsayar akwai famfo mai farfela, yana zuƙar ruwa ta ƙasa yana feso shi ta baya. Bodi shi ne ƙoƙon da ya ɗauke duk waɗannan, kuma siffarsa ce take yanke hukuncin wasan da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Fara da ruwan da za ka riƙa shiga

Wasan ya rabu gida biyu. Akwai na kwantaccen ruwa, wato tafki ko dam ko kogi mai sanyin tafiya. A nan ba abin da zai cilla ka sama sai ƙarfin injinka da 'yar igiyar da kai da kanka ka tayar: ka yi kwana, ka dawo ka hau igiyar da ka bari. Sai na teku, inda igiyar ce matakala. Masu wannan suna taruwa a wurare irin su Daytona a jihar Florida da gaɓar jihar Oregon, da gaɓar Faransa da Birazil da Ostareliya. Su abin da suke nema shi ne hawan igiya, da sassaƙa kwana a jikinta, da tashi sama mai nisa a dawo lafiya.

Saboda haka ka zauna ka ƙirga. A cikin fita goma da za ka yi, nawa ne a tafki, nawa a teku? Kada ka lissafa da tafiyar da kake burin yi sau ɗaya a shekara. Ka lissafa da ruwan da za ka iya zuwa ranar Asabar ka dawo gida da yamma. Ka kuma lura da halin ruwan. Tafkin da jiragen shaƙatawa suke yawan ratsawa ba kwantacce ba ne, kullum a hargitse yake, kuma guntun bodi yana shan wuya a cikinsa.

Akwai maganar doka ma. Kusan duk baburan wannan wasa suna amfani da inji mai shan fetur gauraye da baƙin mai, dangin na ƙaramin janareta, kuma wasu ruwaye sun hana shi. Tafkin Tahoe na Amurka ya haramta irinsa mai kafireto tun 1999. Ka tambayi masu kula da ruwanku kafin ka fitar da ko sisi.

Faɗa wa kanka gaskiya kan inda ka kai

Wannan mataki gajere ne amma shi aka fi tsallakewa. Kana iya hawa daga cikin ruwa mai zurfi ba tare da wahala ba? Kana iya yin kwana hagu da dama a guje ba ka faɗi ba? Kana iya nutsar da hanci cikin ruwa ka fito da shi, ko ka tsayar da babur a kan gindinsa? In amsar ɗaya daga cikin waɗannan a'a ce, bodin kamfani ne naka, wato wanda babur yake zuwa da shi daga manyan kamfanoni irin su Yamaha da Kawasaki, aƙalla na shekara guda. Sai an iya rarrafe ake tashi tsaye.

Nauyinka ma yana cikin lissafi. Mai kilo 65 da mai kilo 100 in suka hau bodi ɗaya, kamar babura biyu daban suka hau. Guntun bodi ba ya ɗaukar kaya sosai. Mai jiki in ya kwanta a matsaya zai hau, gindin yakan nutse, hanci ya kalli sama, ya yi ta fama kafin babur ya hau kan ruwa. Dogon mutum kuma yana bukatar doguwar matsaya da wuya mai tsawo, in ba haka ba a duƙe zai wuni, bayansa ya gaya masa.

Bodin kamfani: inda kusan kowa ya fara

Kawasaki ce ta fara fito da babur na tsaye kasuwa a 1973, bisa ƙirar Clayton Jacobson II, ita ce kuma mai sunan Jet Ski da yanzu ake kiran kowane iri da shi. Tsofaffinta irin su JS440 da JS550 siriri ne, marasa nauyi, masu saurin karkata. Wanda ya koyi tsayuwa a kansu zai iya tsayawa a kan komai, kuma sun dace da wasan da, irin su juyi da hawa kan murfi da feshin ruwa. Amma ƙaramin famfo gare su, ba za su ɗaga ka sama yadda wasan yau yake so ba. Daga baya kamfanin ya karkata wajen tsere. 800 SX-R da ta fito a 2003 faffaɗa ce, mai riƙe ruwa a kwana kamar an kafa ta. SX-R ta 2017 mai injin 1,498cc nauyinta ya kai kilo 250. Wannan ta gudu ce, ka cire ta daga lissafin alkafura.

Wanda ya zama gidan kowa a wasan gwaninta shi ne SuperJet na Yamaha, wanda ya fito a 1990. Masu harkar suna rarrabe shi da hanci. Daga 1990 zuwa 1995 akwai mai hanci mai kusurwa. Daga 1996 aka koma mai zagayayyen hanci, da injin 701cc mai kafireto biyu, da famfo mai faɗin milimita 144, tsawonsa mita 2.24, nauyinsa wajen kilo 132. A 2008 aka sake ƙasan bodin: aka faɗaɗa gaba, aka ja famfo baya da milimita 50, aka rage tsawon wuya. Wannan ya sa ya fi kama kwana, ya fi natsuwa a hargitsattsen ruwa. A 2021 aka kawo sabon SuperJet mai injin 1,049cc da ba a gauraya masa mai, ya fi tsawo, nauyinsa kilo 170. Yana da daɗin yawo da tsere, amma nauyin nan yana hana shi abin da tsofaffin suke yi.

Akwai kuma FX-1 da Yamaha ta yi shekara biyu kacal, 1994 da 1995. Ya fi SuperJet ƙanƙanta da rashin nauyi, famfonsa milimita 122 ne. Yana juyawa kamar walƙiya, amma ba ya yafe kuskure, kayansa kuma suna wuyar samu.

In ka tambaye ni, mai farawa ya nemi SuperJet na tsakanin 1996 da 2007 in wasan juyi da zamiya yake so, ko na 2008 zuwa 2020 in teku da kwana suka fi jan hankalinsa. Dalilina ba siffar bodin kaɗai ba ce. Yawancin bodin da ƙananan maƙera suke yi an yi su ne don su karɓi inji da famfo da kayan wutar SuperJet. Ranar da ka shirya sauya bodi, sai ka kwance kayan cikin ka mayar, ba sai ka fara daga tushe ba.

Bodin kamfani yana bukatar gyara uku kafin ya shiga wasa sosai. A yanka gefen matsaya a dasa ramukan ƙafa, don babur ya biyo ka in kun tashi sama. A ƙara shimfiɗa faiba, wato zaren gilashi da ake haɗawa da gam ya daskare, a cikin ɗakin inji, musamman gefe da gefe da gindin wuya, domin nan ne yake tsagewa in ka dira a kan haƙarƙari. A kuma sa famfon kwashe ruwan da ya shiga ɗakin inji, gara ma biyu.

Koyi karanta siffar bodi da idonka

A nan nake so mu daɗe, domin wanda ya gane wannan ba ya bukatar kowa ya faɗa masa wane bodi ne na me. Ka sa a ɗora bodin a kan abin ɗora shi, ka tsuguna a gefensa.

Fara da tsawo. Ɗauki taɓarya ka juya ta a hannu, sannan ka ɗauki muciya ka juya. Haka abin yake a sama: guntun bodi yana wuntsilawa da sauri da ƙarfi kaɗan, dogo yana bukatar tsayi da lokaci. Shi ya sa maƙeran bodin kwantaccen ruwa suke datse baya. Amma abin da aka datse ɗin shi ne yake riƙe babur a miƙe in yana gudu. Guntun bodi in ka ba shi wuta, hancinsa zai riƙa tashi yana faɗuwa, yana dukan ruwa, dole ka tura nauyinka gaba kullum. Tafiyar minti goma zuwa wancan gefen tafki sai ta zama aiki. Santimita 5 da za ka raina a kan awo, a cikin ruwa babban bambanci ne.

Sai lanƙwasar ƙasa. Duba layin ƙasan daga baya zuwa gaba. A wasu bodin miƙe yake sai dab da hanci, a wasu kuma tun daga tsakiya yake fara ɗagowa kamar ayaba. Ɗagaggen hanci yana da amfani biyu. A teku, in kana gangarowa daga kan igiya, ba ya soka kai cikin ruwa ya cilla ka ta saman kan tuƙi. In kuma ka dawo daga sama da hanci, yana shiga ruwa ya fito da kansa maimakon ya zarce ƙasa. Farashinsa shi ne gudu da miƙewa, domin ɓangaren da yake taɓa ruwa ya ragu.

Yanzu koma baya ka leƙa ƙasan daga gindi. Shimfiɗaɗɗe ne ko mai tsini a tsakiya kamar ƙirjin kaza? Shimfiɗaɗɗe yana hawa kan ruwa da wuri, yana zamewa, yana sakin ruwa cikin sauƙi in za ka tashi. Amma in ka dira a kansa daidai, dukan yana ratsa idon sawu da gwiwa har ƙugu. Mai tsini yana yanka ruwa, dirarsa da taushi, yana kwanciya a kwana. Shafa hannunka a gefen ƙasan, inda ƙasa ta haɗu da haƙarƙari. In gefen yana da kaifi, da zara-zaran layuka masu zurfi, wannan bodi mai cizon ruwa ne: zai sassaƙa kwana, amma in ka dira a karkace zai kama ruwa farat ɗaya ya yar da kai. In gefen a murje yake, zai zame ya ba ka damar gyara tsayuwa.

Duba faɗin gaba. Wasu bodin suna da kumburi a gefen hanci hagu da dama, wasu kuma ana ɗaura musu shi daga baya. Kumburin nan yana ɗaga gaba, yana hana babur karkata da sauri, yana taimakon mai jiki. Siririn gaba kuwa ya fi saurin mirginawa, abin da mai son birgima a sama yake nema.

Sai matsaya. Faffaɗa tana ba ka damar buɗe ƙafa, ka samu ƙarfin murɗa babur. Masu teku sukan tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, saboda haka suna son doguwar matsaya da maƙalin ƙafa a gaba. Masu kwantaccen ruwa ƙafafunsu biyu a ramukan baya suke wuni. Ka shiga da takalmin da za ka riƙa wasa da shi ka zura ƙafa. Ya kamata ramin ya riƙe bayan ƙafarka ba tare da ka matse yatsu ba, ya kuma sake ka nan take in ka ja. Ramin da ya yi sako-sako zai zubar da kai a tsakiyar alkafura. Wanda ya matse kuma ya fi haɗari, domin babur zai faɗi da ƙafarka a ciki, kuma raunin idon sawu ya yi yawa a wannan wasa. Yawancin bodin maƙera suna zuwa da ramukan da ake matsarwa gaba da baya, ka fifita su.

Na ƙarshe, leƙa bakin famfo. A bodin alkafura za ka ga an bar fili a sama da shi, domin in ka damƙe libar hagu bakin ya ɗaga sama sosai. Feshin ya danna gindi ƙasa, hanci ya tashi, juyi ya fara. Bodin da bai bar wannan fili ba, ko wane inji ka sa masa, libar ba za ta yi cikakken aiki ba.

Bodin maƙera: gida uku

In ka kai matakin barin bodin kamfani, za ka ji sunaye da yawa. Rickter na Rick Roy ne, tsohon zakaran wasan ɗan Kanada. Krash daga Ostareliya yake. Eric Malone na Amurka, wanda ya ci gasar duniya sau da dama, shi ma ya ƙera nasa da sunan EME. Akwai wasu ƙanana da suke yin 'yan kaɗan a shekara. Kada yawan sunayen ya ruɗe ka, duk gida uku ne.

Gida na farko bodin gasa ne na kwantaccen ruwa, irin su XFS na Rickter da Footrocket na Krash. Gajeru ne, faffaɗa, marasa nauyi. Irin wannan gida ne ake gani a ƙarƙashin manyan 'yan wasa kamar Lee Stone na Birtaniya da Rashed Al Mulla na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Aiki ɗaya suka iya, sun kuma iya shi ƙwarai. Ba na yawo ba ne, ba na bin abokai zuwa tsibiri ba ne. Ana wasa da su ne kusa da gaɓa, minti kaɗan, a fito a huta.

Gida na biyu na teku ne, irin su Edge da FR2 na Rickter, da Predator da 50 Cal na Krash. Sun fi tsawo, hancinsu a ɗage, jikinsu da kauri, ƙasansu na cizon ruwa.

Gida na uku na tsaka-tsaki ne: ya ɗan fi SuperJet gajarta, ya fi shi rashin nauyi, hanci a ɗan ɗage. Ba zai ci gasar Havasu ba, ba kuma zai yi fice a babbar igiya ba. Amma da shi za ka yi alkafura a kan igiyar jirgi, ka yi yawo, ka shiga teku in ta samu. Ni a ganina mutum takwas cikin goma da suke wasa don jin daɗi nan ne wurinsu, ko da yake ransu yana wajen gida na farko. Ina faɗin haka ne don na ga yadda guntun bodi yake raba mutum da abokan fitarsa. Su sun tafi zagaya tafki, shi yana nan bakin gaɓa shi kaɗai yana maimaita abu ɗaya. In abin da kake so ke nan, madalla, ka saye shi da ido buɗe.

Faiba ko kabon

Bodi ɗaya yakan zo iri biyu, na faiba da na zaren kabon. Kabon ya fi rashin nauyi da tauri, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. A kwantaccen ruwa kowane kilo da ka rage tsayi ne ka ƙara, saboda haka mai gasa yana da hujjar biya. Amma kabon ba ya lanƙwasa, in dukan ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi, gyaransa kuma sai gwani. Yana kuma ɗaukar lantarki, saboda haka a ruwan gishiri yakan sa alminiyon da ke manne da shi ya riƙa ciwuwa in ba a raba su da kyau ba.

Faiba tana da ɗan nauyi, tana jure duka, kuma duk mai gyaran jirgin faiba zai iya ɗinke ta. Mai koyon alkafura zai dira a kife, ya dira a gefe, ya dira a kan murfi, ba sau goma ba ba sau ashirin ba. Mai teku kuma wata rana igiya za ta buga babur ɗinsa da yashi. Su biyun faiba ce tasu. A teku ma ɗan nauyin alheri ne, yana hana iska wasa da kai a sama.

Inji da famfo su yi daidai da bodi

Kuɗin bodi ba shi ne kuɗin babur ba, wani lokaci ko rabi bai kai ba. Guntun bodin gasa an ƙera shi ne da tunanin inji mai 900cc zuwa 1,200cc, irin waɗanda kamfanin DASA da takwarorinsa suke yi, da famfo mai milimita 148 ko 155, da salansa ta musamman. Irin wannan inji yana shan fetur na tsere. Da yawa ana cire musu abin cajin batir don inji ya amsa totur nan take, wato kullum sai ka yi caji a gida. Salansar takan cinye wurin tanki, sai a koma ɗan ƙarami, alhali tankin SuperJet lita 18 yake ci. Ana kuma buɗe injin a duba shi akai-akai.

In ka sa injin 701cc na kamfani a irin wannan bodi, ka haɗa wahala biyu: ba ka samu alkafurar kwantaccen ruwa yadda kake so ba, ka kuma rasa daɗin yawo. Amma injin nan da salansa mai kyau da farfelar da ta dace ya wadatar a bodin teku ko na tsaka-tsaki, domin igiya ce take yin rabin aikin. Ga shi da juriya, ga kayansa a ko'ina.

Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya rubuta maka abin da bodin yake zuwa da shi da abin da babu: murfi, wuya, gindin wuya, farantin ƙasa, ragar shigar ruwa, tanki, wayar sitiyari, shimfiɗar matsaya. Ka tambayi girman famfon da aka yi ramin dominsa. Waɗannan ƙananan kaya in aka tara su suna iya tunkarar kuɗin bodin kansa. In kuma kana da niyyar gasa, ka karanta dokar ajin da za ka shiga tun yanzu, domin akwai ajin da yake iyakance girman inji.

Ranar dubawa

Yawancin bodin da za ka samu na hannu ne, saboda haka ka tafi da sikeli da tocila. Na taɓa zuwa duba wani tsohon bodi da aka yi wa sabon fenti, yana sheƙi. Da muka ɗaga gindinsa ni da abokina sai muka ji nauyin ya wuce misali. Mai shi ya yarda muka kwance wani noti a ƙasan matsaya, muka jingina bodin da bango hanci sama. Ruwa ya fara ɗiga, baƙi-baƙi mai wari, yana bin siminti, har muka gama magana bai tsaya ba. Soson da aka cika ƙarƙashin matsaya da shi don hana nutsewa ne ya sha ruwa shekara da shekaru. Kowace lita kilo guda ce, kuma a baya take zaune, inda ta fi ɓata tashi. Gyaran yana yiwuwa, amma sai an yanke matsaya an kwashe soson an sake sabo. In ka ga haka, ko a rage kuɗi sosai ko ka juya.

Haska tocila cikin ɗakin inji. Bi layin da sama da ƙasa suka haɗu, ka nemi tsaga ko farin layi. Girgiza wuya hagu da dama ka ga ko gindinsa yana motsi. Duba inda ƙafafun inji suke zama, ka tabbata mazaunin notin bai kwance daga jikin bodi ba. Ƙwanƙwasa ƙasa da gindin sukudireba: wuri mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya rabu a ciki yana amsawa kamar fanko. In tsohon SuperJet ne aka yi wa faci a ƙasa, ka tambayi da wane gam aka yi, domin ƙasansa da matsattsen faiba aka yi shi, kuma gam ɗin da ake kira ifoksi ne yake kama shi da kyau. Duba robar murfi ma, babur ɗin da yake wuni a kife ta nan yake shan ruwa.

Kada ka manta da takarda. A Amurka kowane bodi yana da lambar shaida mai harafi da lamba 12, kuma bodin maƙera da ba shi da ita ko takardar maƙerinsa zai ba ka wahala wajen rajista. Sauran ƙasashe ma suna da nasu tsarin. Ka gwada lambar jikin bodi da ta takarda harafi bayan harafi.

Sannan ka hau. Masu wannan wasa ba su da yawa, sun san juna, kuma a wurin taruwarsu ba wuya mutum ya ba ka nasa ka ɗana in ka roƙa da ladabi. Sa rigar kariya da hular kwano, ka ɗaura igiyar kashe inji a hannu. Kada ka fara da gwada tsalle. Faɗa cikin ruwa mai zurfi ka hau sau uku a jere, domin hawa na uku, lokacin da hannu ya fara gajiya, shi ne zai nuna maka ko bodin zai ɗauke ka. Yi tafiya a hankali ka ji ko yana rawa a ƙarƙashinka. Ba shi wuta a miƙe ka ga ko hanci yana dukan ruwa. Yi kwana hagu da dama, ka ratsa igiyar da ka tayar. Bayan minti goma sha biyar ka fito, ka buɗe murfi ka ga yawan ruwan da ya shiga ɗakin inji. In akwai bodi na biyu da kake tunani, ka hau shi a ranar, a ruwan nan, kafin ƙafarka ta manta na farko.